Lambobin jikin fakitin tsirkiyar bas, da dalilin da ya sa Re ke cizon yatsa Mi kuma tana lilo

Salamu alaikum. Wani ƙanena daga unguwar Zariya nan Maradi ya turo mini tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya barka da aiki. Ina kaɗa bas mai tsirkiya 4 a orkes ɗinmu na biki, na sa sababbin tsirkiyoyi 45-100 amma Re ta yi tauri har yatsuna na ciwo, ita kuma Mi ta saki tana dukan firet, in mawaƙinmu ya ce a sauko da rabin ton abin sai ya ƙara lalacewa. Gitar ce ba ta da kyau ko tsirkiyar? Wace lamba zan saya?"

To ƙanena barka kadai. Tun farko bari in kwantar maka da hankali, abin da yatsanka ya gaya maka gaskiya ne, ba ƙarya ya yi ba kuma ba lallai gitar ce ke da laifi ba. Fakitin 45-100 haka yake tun daga masana'anta, Re ta fi kowa ɗauri, Mi ta fi kowa saki. Na shafe shekaru ina kaɗa bas ina kuma gyara ta, kuma wanga kukan naka shi ne na fi ji a bakin yara, sai dai yawanci sukan ɗauka hannunsu ne bai ƙware ba su yi shiru suna ta wahala.

Lambobin nan kaurin tsirkiya ne, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na inci. 45 na nufin inci 0.045, wato milimeta 1.14 kenan a ma'auninmu, 100 kuma milimeta 2.54, 105 ta kama 2.67. In an rubuta 45-100 a goshin fakiti to siririyar da mai kaurin kawai aka faɗa maka, Sol da Mi, biyun tsakiya, Re da La, an ɓoye su a bayan fakiti da ƙananan rubutu, alhali nan ne maganar take. Fakiti irin D'Addario EXL170 cikinsa 45, 65, 80, 100 ne. A kan bas mai tsawon inci 34, in ka ɗaure su daidai Sol Re La Mi, Sol na jan wajen kilo 19, Re wajen 22 zuwa 23, La 18 zuwa 19, Mi kuma kilo 16 ne kacal ko ƙasa kaɗan. Ka ga tsakanin Re da Mi akwai ratar kilo 6 zuwa 7, kuma yatsa biyu ɗin nan naka su ne ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan ɗaruruwan sau a waƙa guda. Ka saba da ƙarfin da kake ba Re, ka sauko kan Mi da ƙarfin nan, dole ta yi lilo ta bugi firet, wato ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan gita. In kuma ka saba da Mi ka hau Re sai ka ji kamar wayar shanya kake ja.

Yanzu ga lissafin, kada ka tsorata ba mai wuya ba ne, kuma in ka riƙe shi ba mai sake sayar maka da abin da ba ka so. Abu ukku ke yanke muryar tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin jan da aka yi mata. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ko mai garaya ya san wannan, ya ƙara ɗauri murya ta hau, ya danne da yatsa tsawo ya ragu murya ta hau, tsirkiya mai kauri kuma muryarta ƙasa take. Wani malami Bafaranshe, Marin Mersenne, shi ya rubuta ƙa'idar da lissafi tun wajen 1636. A bas tsawon duka huɗun ɗaya ne, muryar kowace kuma an riga an yanke ta: Mi na kaɗawa sau 41.2 a daƙiƙa, La 55, Re 73.4, Sol 98. To me ya rage a hannunka? Nauyi kawai, wato kauri. Da shi kaɗai za ka ƙara ja ko ka rage.

Ka duba lambobin can da kyau, 98 bisa 73.4, 73.4 bisa 55, 55 bisa 41.2, kowane ya ba ka kusan 4 bisa 3. Abin da wannan ke nufi, in kana so duka huɗun su ja da ƙarfi ɗaya, duk lokacin da ka sauko tsirkiya guda sai kaurin ya ƙaru da 4 bisa 3, ka ninka da 4 ka raba da 3. Ɗauki salularka ka gwada. Fara da Sol 45, ninka 4 raba 3, 60. Daga 60 ka samu 80. Daga 80 ka samu 106 da ɗoriya, a ce 107. Kenan 45, 60, 80, 107. Yanzu ka aza su gefen naka 45, 65, 80, 100, abin ya fito fili: Re ɗinka ta wuce da 5, Mi ɗinka ta gaza da 7. Kuma tunda ja yana tafiya ne da kauri sau kauri, 5 ɗin nan da kake gani ƙarama tana ƙara ja da kusan kashi 17 cikin 100.

Ranar da na fara yin wannan lissafin a bayan wata takardar fakiti na daɗe zaune ina kallonta, don shekara da shekaru ina rage tsayin Re a jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zama a kai a cikin gita, ina ɗaga Mi ina neman abin da ba a nan yake ba. Kuma ba ni kaɗai na gano ba, kamfanin D'Addario ɗin da kansa yana da fakiti na daidaitaccen ja, EXL170BT, cikinsa daidai 45, 60, 80, 107, kowace na jan tsakanin kilo 18 da 20. Suna da mai sauƙi 40, 55, 70, 95 da mai nauyi 50, 67, 90, 120, ka gwada su da lissafin 4 bisa 3 za ka ga duk hanya ɗaya suka bi. Abu guda dai, tsirkiyar bas ba ƙarfe guda ba ce, akwai zuciya a ciki da waya da aka naɗe a kai, wani lokaci naɗi biyu ko ukku, don haka 80 ta wannan kamfani da 80 ta wancan ba lallai nauyinsu ya zo daidai ba. Lissafin na kai ka bakin ƙofa ne, in akwai jadawalin ja a bayan fakiti shi za ka bi.

Za ka ce to me ya sa ba su yin duka fakitoci haka? A ganina sabo ne ya fi yawa, mutane sun tashi da 45-65-85-105 da 50-70-85-105 hannunsu ya zauna a kai. Sannan akwai dalili na gaskiya, Re mai kauri tana da cikar murya, in ka sa 60 za ka ji ta ɗan yi siriri a kwanakin farko, Mi mai kauri sosai kuma tana da taurin jiki, in ka hau sama da firet na 12 muryarta ba ta fita tas, sai ka ji kamar akwai wata ƙara a bayanta. Wanda ke yawan solo a sama zai damu da wannan. Amma mu da aikinmu biki ne, awa huɗu awa biyar kana tsaye kana riƙe da gindin kiɗa tare da mai ganga, yawancin aikinka tsakanin firet na 1 da na 7 yake, wallahi daidaiton ya fi maka amfani nesa ba kusa ba.

Maganar rabin ton da mawaƙinku ke sa ku saukowa, wato sauke muryar tsirkiyoyi da ratar firet guda. Duk rabin ton da ka sauke, ja na raguwa da kusan kashi 11 cikin 100, cikakken ton kuma kusan kashi 21. Mi ɗinka mai kilo 16 ta koma 14 da 'yan kai, ai dole ta zama kamar igiyar guga. In saukowar ta zama al'adarku kullum, to 100 ba taka ba ce kwata-kwata, ka nemi 107 ko 110. In kuma kana sauke Mi kaɗai zuwa Re ta ƙasa kamar yadda wasu ke yi, kaurin da zai mayar maka da jan da ka rasa sai ya ƙaru da kusan kashi 12, wato mai 105 ya koma wajen 118 ko 120. Amma in waƙa ɗaya ko biyu ce a dare, shawarata kada ka taɓa makunnan ɗaure tsirkiya, ka koyi kaɗa ta a wani wurin a wuyan gita, ya fi maka sauƙi ya fi wa gitar lafiya.

Kafin ka sayi komai ka auna gitarka. Ɗauki metar tela ka auna daga ɗan farin ƙashin nan mai tsaga huɗu da ke kan wuya zuwa firet na 12, ka ninka biyu. In ka samu santimeta 86.4 to inci 34 ce, tsawon da maƙerin gita Leo Fender ya sa wa bas ɗinsa Precision a 1951 kuma yawancin bas ɗin da ke shigo mana kwaikwayonta ne ko na Jazz Bass. In ka samu wajen 76 to gajera ce mai inci 30, kuma a kanta tsirkiya ɗaya murya ɗaya ja na raguwa da kusan kashi 22 cikin 100, duk lambobin da na ba ka sai an ƙara musu kauri, sannan a nemi fakitin da aka yi don gajera, don in jikin tsirkiya mai kaurin ya hau kan sandar makunni yana iya karyewa a nan. Mai inci 35 tana ƙara kashi 6 ne kawai.

Na san idonka na kan mai tsirkiya 5, duk yaran yanzu haka ne. Ci gaba da lissafin mana, 107 ninka 4 raba 3, ya ba ka 142 da ɗoriya, a ce 143. Amma fakitocin kasuwa Si ɗinsu, wato tsirkiya ta biyar da ke ƙasa da Mi, 125 ko 130 ce, shi ya sa kake jin mutane na cewa Si ɗin gitar wane ba ta da rai, sau da yawa ba gitar ba ce, tsirkiyar ce ba ta kai ba. Ni ina tsayawa 135, in na samu mai siririn gindi wadda ke zama da kyau a kan jaki, don 145 ba kowane jaki ke karɓarta ba, ramin da ake zura ta ma wani lokaci ba ta shiga.

Sai wani abu da ke ruɗa mutane: ja daban, tauri daban. Tsirkiya biyu na iya jan kilo ɗaya amma ɗaya ta fi ɗaya laushi a yatsa. Mai zuciya zagayayya, irin DR Hi-Beam, ta fi mai zuciya kusurwa shida lanƙwasuwa. Mai santsin jiki wadda ba ta da gurji-gurji galibi ta fi nauyi ta fi tauri a lamba ɗaya, ko da yake akwai irin Thomastik masu 43, 56, 70, 100 da suke da laushi ƙwarai. Sannan tsayin tsirkiya daga firet yana canza komai, in ta yi sama ko 40 ce za ka ji ta kamar ƙarfen gini. Don haka ba na yarda in ce wa mutum sayi kaza sai na riƙe gitarsa na duba wuyanta.

Kuma wuyan nan shi ne inda mu 'yan Maradi muke da tamu matsalar. Fakiti 45-100 jimillar jansa ya kai kilo 75, buhun siminti ɗaya da rabi kenan rataye a wuyan itace dare da rana, 50-105 kuma ya doshi kilo 90. Bara cikin hunturu wani yaro ya kawo mini bas a bayan kabu-kabu ba ko jaka, ya sa mata 50-70-85-105 don an ce masa masu kauri sun fi ƙara. Na ɗaga ta na sa ido daga jaki ina kallon wuyan, ya lanƙwashe kamar baka. Na danne Mi a firet na farko da na ƙarshe, na zura katin banki a firet na 8, ya shige yana yawo, alhali katin banki kaurinsa milimeta 0.76 ne, ratar da ake so a wurin kuwa wajen 0.3 ce. Bakin firet duk sun fito suna yankan hannu saboda itacen ya bushe ya tsuke, yatsun yaron kuwa duk kanta, ɗaya har ta fashe. Ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda ake juyawa don miƙar da shi, an riga an murɗe shi har ƙarshe ba sauran wuri. Abin ya ba ni tausayi sosai don yaron na da kunne, kayan ne ke yaƙi da shi. Mun sauko da shi 40, 55, 70, 95, wajen kilo 60 jimilla, muka bar gitar ta huta kwana biyu, wuyan ya dawo har aka iya saita ta. In gitarka ta arha ce, wuyanta siriri, to daidaitaccen ja mai sauƙi ya fi mata, ƙara kuma aikin ampuli da sono ne, ka murɗa musu.

Ka sa a ranka duk lokacin da ka canza lamba sai an sake saiti. Ƙarfen cikin wuya da ɗan makullin alan ake juya shi, dama na miƙar da wuya, hagu na sakinsa, kwata ɗaya na zagaye kawai a lokaci guda sannan ka ɗaure tsirkiya ka jira ka sake dubawa, in ya ƙi juyawa ka tsaya nan, kada ka sa ƙarfi, in ya karye gyaransa ya fi kuɗɗin gitar. Tsayin Mi a firet na 17 wajen milimeta 2.4 wuri ne mai kyau na farawa, Sol ta ɗan fi ƙasa. Sai ka duba firet na 12 da akordar, na'urar auna muryar tsirkiya, ko aplikasiyon salula, in muryar ta haura ka ja jakin wannan tsirkiyar baya, in ta gaza ka turo shi gaba. Kuma ka lura da tsagar farin ƙashin can, wadda aka yanka don 100 ba lallai ta karɓi 107 ba, in ka tilasta ta ƙashin na tsagewa ta gefen Mi, na ga wannan ba sau ɗaya ba. Ka naɗe 'yar takardar yashi mai laushi a jikin tsohuwar tsirkiya ka faɗaɗa gefe da gefe a hankali, ban da zurfi. Saitin nan sau biyu a shekara nake yi wa tawa, in hunturu ya kama da kuma in damina ta zauna, don galibi bushewa na ƙara lanƙwasa wuya, laima kuma na miƙar da shi har tsirkiya ta fara taɓa firet.

To ina za ka same su? Nan ne wuyar. Tsirkiya ɗai-ɗai ba ta cika samuwa a nan ba, sai ka yi saƙo Yamai ko Kano ko wajen masu zuwa Kwatano. In an samu fakitin 45-107 shi ke nan magana ta ƙare. In ba a samu ba, fakiti mai 45, 65, 80, 105 irin na Rotosound Swing Bass ya kusa sosai, Re kaɗai ce ta yi yawa. Wata dabarar, ka sayi 45-65-85-105 da 40-60-80-100 na kamfani ɗaya iri ɗaya, ka ɗauki 45 da 105 daga na farko, 60 da 80 daga na biyu, sauran huɗun ka aje su don ranar da wata ta tsinke tsakiyar biki. Kuɗɗi biyu ne na sani, amma ba asara a ciki. Kada dai ka haɗa nikel da bakin ƙarfe mai ƙyalli a gita ɗaya, ko sabuwa fil da wadda ta shekara, muryoyin ba sa zama tare.

Ka yi hankali da jabu, sun cika kasuwa kuma fakitinsu ya yi kama da orijinal har ka rantse. Ni kaina na taɓa saye a wani shago, an rubuta 45-105, na ɗaura na ji Mi na lilo, na kai ta garejin wani abokina ya sa mata piye-a-kulis, ma'aunin kaurin ƙarfe, milimeta 2.4 muka gani maimakon 2.67, wato 95 ce aka sa a rigar 105, kuma kafin sati ukku ta yi tsatsa. Tun ranar ba na ɗaura tsirkiya sai na auna ta. In ka ga farashin ya yi arha fiye da hankali ka bar ta, kuma duk makaniki ko mai walda da ke da ma'aunin nan zai auna maka cikin minti ɗaya.

Wajen ɗaurawa ka canza su ɗaya bayan ɗaya kada wuya ya rasa ja gaba ɗaya, ka bar tsawon kamar santimeta 8 zuwa 10 bayan sandar makunni, ka lanƙwasa kafin ka yanke musamman in mai zagayayyar zuciya ce don naɗin kada ya warware, naɗi biyu zuwa ukku suna sauka ƙasa, kuma kada ta murɗe a jikinta. In ka gama ka danna ta da babban yatsa daidai inda ta hau jaki ta kwanta, Mi mai kauri in ba a yi mata haka ba takan yi ƙarya a firet na 12. Da zufar bazara da ƙurarmu, ƙyalle busasshe bayan kowane wasa, sama da ƙasan tsirkiya, shi ke ƙara mata watanni, in ta dushe ka goge da alkol na farmasi, ya fi dafa ta a ruwa da muke yi da, don ruwan na shiga cikin naɗi ya ci zuciyar.

Kai dai ga abin da zan ce ka yi. In wuyan gitarka lafiya yake kuma inci 34 ce, nemi 45, 60, 80, 107, ko 105 in ita ta samu, tunda kuna saukowa rabin ton kada ka yi ƙasa da haka a Mi. Ka ba hannunka sati biyu kafin ka yanke hukunci, don kwanakin farko za ka riƙa jan Re da ƙarfin da ka saba, za ta yi maka kamar ta yi laushi da yawa, ka sassauta yatsa ka ɗan ɗaga mikro, abin ɗaukar muryar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, ta gefen Sol da Re in muryarsu ta yi ƙasa. Kafin ka yi saƙon, auna tsawon nan ka kuma gwada katin banki a firet na 8 ka turo mini abin da ka gani, in ya shige a sake to ka kawo ta in duba ƙarfen wuyan tukuna, bayan la'asar ina nan in sha Allah.